Duron da Ya Ƙi Cika

Duk layinmu Injiniya ake ce wa yayana, alhali ko ƙofar makarantar injiniyoyi bai taɓa takawa ba. Sunan ya samo asali ne tun ranar da ya gyara wa mahaifiyarmu fanka, ta koma zuƙe iskar ɗaki maimakon hurawa. Mutane suka laƙaba masa don tsiya, shi kuwa ya karɓa hannu bibbiyu, har ya sa aka rubuta masa a bayan riga. Ainihin sana'arsa kamasho ce a tashar mota. Shi ne mai tsayawa a bakin bas yana ƙwala ihu, "Saura mutum ɗaya!" alhali rabin kujerun babu kowa. Amma in ka tambaye shi aikinsa, sai ya gyara tsayuwa ya ce, "Harkar lodi ce a hannuna."

Bene ɗaya muke haya. Shi da matarsa, wadda nake kira Anti, suna sama, ni kuma ina ɗakin da ke kallon nasu, ni da keken ɗinkina. A ƙasa shagon Hajiya mai gidan yake, inda take sayar da sukari da fulawa da garin sabulu buhu-buhu, kuma sitonta daidai ƙarƙashin kicin ɗin Anti yake. Bara Yaya ya taɓa bututun wurin wanke-wanke da sunan gyara, ruwa ya bi wata tsaga a gindin bango ya jiƙa wa Hajiya sukari. A ranar, da kanta ta hau sama duk da ciwon gwiwa, ta nuna shi da sandarta.

"Injiniya, ka san ɗigo ɗaya? To, ɗaya tak. In ya sake sauka a kan kayana, ku nemi wani gidan."

Tun daga ranar Anti take kaffa-kaffa da ruwa, domin ranta yana kan kicin ɗin nan. Tun aurensu take girki a cikinsa. Yana da taga mai kallon titi, a kan tagar kuma tana da na'ana'a a cikin gwangwanin madara, kullum da safe sai ta ba ta ruwa kofi guda kafin ita kanta ta sha. Ko da wasa ka ce mata za su tashi, sai ka ga idonta ya kawo ruwa.

Ana nan sai Hajiya ta tara mu 'yan haya a bakin shago, ta ce tankin da ke saman rufi yana ƙarewa tun kafin rana ta take, kowa ya rage ɓarna. Ta ce za ta je wurin 'yarta da ta haihu, za ta kulle shago, in ta dawo tana so ta ga canji. Kowa ya ce to. Yaya ne kaɗai ya ɗaga hannu.

"Hajiya, ki je ki dawo lafiya. Kafin ki dawo zan nuna wa gidan nan yadda ake tattalin ruwa. A kicin ake ɓarnar, a kicin zan kashe ta."

Hajiya ta ce, "Kai dai kada ka taɓa mini bututu."

"Ni da bututu? Ai na wuce nan."

Na dubi Anti, Anti ta dubi ƙasa.

Washegari sai ga shi da bokitai da tiyo da wani tsohon duron ƙarfe da ya samo a bayan tasha. Kafin su kai shi sama shi da 'yan dako, sun fasa ƙwan fitilar matakala, sun kuma ɓantare leɓen ƙofata. Ya jera kayan a kicin, ya kira mu taro, mu biyu.

"Ku saurara. Matsalar mutane ba su gane ruwa fasinja ba ne. Kun taɓa ganin mota ta tashi da mutum biyu? Asara ke nan. Wannan ƙaramin bokitin tasi ne, ruwan wankin kayan miya yake ɗauka. In ya cika, sai a juye a wannan babban, shi ne bas, da shi za a yi wanke-wanke. In an gama, sai a juye a tirela." Ya buga duron, ya yi ƙara. "In tirela ta cika, da ita za a goge ɗaki, a wanke banɗaki, a wanke matakala, har maƙwabta su samu. Doka ɗaya ce: mota ba ta tashi sai ta cika."

Anti ta ce, "To Maigida, ni a ina zan tsaya in yi girki?"

"A gefen hanya, kamar kowa."

Ni kuwa idona yana kan wata huda a gindin duron, wadda ɗan yatsa zai shige ta. Na nuna masa. Ya yi dariya irin ta wanda aka yi wa tambayar yara, ya zaro sabulu daga aljihu.

"Ke ɗinki kika sani. Ko jiya tankin man wata bas ya huje a gabana, direba ya murza sabulu ya liƙe, motar ta yini tana tafiya ko ɗigo babu."

"Yaya, wancan fetur ne. Wannan ruwa."

"Duk abu ne mai gudu. Ruwa ma ya fi sauƙin kai, tunda ba ya kama wuta."

"Sabulu fa narkewa yake yi a ruwa."

"Na wanka ke nan. Wannan na aiki ne."

Ya cusa sabulun a hudar, ya daddanna da babban yatsa, ya juya wajen ya kalli bango don kada ya ɓata wa kicin kyau. Sannan ya tura duron can cikin lungu, a kan tsagar nan ta bara, ya tokare shi da kabad.

Daga ranar kicin ya zama tasha. Yaya ya ɗauki hutu a wurin aiki, ya kafa kujera a bakin ƙofa. Anti ta ɗauraye tumatir, ta ɗaga tasi za ta juye, sai ka ji, "Tsaya! Bai cika ba! Saura kofi ɗaya!" Sai ta tsaya da wuƙa a hannu tana neman abin da za ta wanke don mota ta cika. Ta wanke albasa, ta wanke lemo, ta wanke ƙwai, ranar nan har kwakwa na ga tana wankewa.

Muddin bas ba ta cika ba, babu wanke-wanke. Kwanuka suka taru har suka kai taga. Da faranti suka ƙare aka koma cin shinkafa a murfin tukunya, da kofuna suka ƙare na shigo na tarar da Yaya yana shan shayi a ludayi, ya ɗora ƙafa ɗaya a kan ɗaya.

Na ce, "Yaya, wannan fa?"

"Kofi ɗaya ne da hannu mai tsawo. Ki zauna a zuba miki a cokali."

Tunda tirela ba ta cika ba kuwa, babu goge ɗaki. Takalmi ya fara mannewa a ƙasa. Sauro suka ji labari suka zo da iyalansu. Wani wari ya fara saukowa ta matakala, har mai askin da ke gefen shagon Hajiya ya ɗago kai ya kira shi ta taga.

"Injiniya! Wani abu ne ya mutu a wajenku?"

"Ɓarna ce ta mutu! Kai da kake wanke kan mutum ɗaya da ruwan mutum biyar, ka zo ka ɗauki darasi!"

"In warin nan ne darasin, ai muna ɗauka daga nan!"

Abin mamaki shi ne tirela. Bas nawa aka juye mata, amma in ka leƙa sai ka ga ruwan can ƙasa yana kallonka. Anti ce ta fara magana.

"Maigida, duron nan shan ruwa yake yi."

"Kin gani ko? Wannan shi ne shaidar nasara. Ruwan da muke amfani da shi ya yi ƙarancin da ko duro ba ya cikawa."

"Jiya da yamma yana rabi. Yau ko kwata bai kai ba."

"Ya zauna ne. Fasinja ma in suka gyara zama sai ki ga wuri ya samu."

Na matsa masa ya duba sabulun. Ya zura hannu ta bayan duro yana tsaki, ya laluba, ya laluba, sai fuskarsa ta canza. Babu sabulu. Na ɗauka gaskiya ta iso. Ashe ban san yayana ba.

"Ɓera," in ji shi. "Ɓera ne ya cinye."

"To hannunka fa da ya jiƙe?"

"Duro ne yake gumi. Ke kin taɓa ɗaukar kaya irin nasa ba ki yi gumi ba?"

Ya cusa sabon sabulu. Washegari babu shi. Ya cusa wani, shi ma ya tafi. Ya ƙarar da na wanki, ya koma kan na wankan Anti mai ƙamshi, sannan ya ƙwanƙwasa ƙofata ya ari nawa. A ƙarshe ya sayo tarkon ɓera ya ɗana a bayan duro. Da safe ya manta, ya zura hannu duba sabulu. Ihun da ya yi, sai da mai aski ya yanki kunnen wanda yake yi wa aski.

Anti ta same ni a ɗaki, ta zauna a bakin gado ta yi tagumi.

"Ƙanwata, ruwan nan wani wuri yake zuwa. Gabana faɗuwa yake yi."

Muka sauka muka leƙa ta ƙarƙashin ƙofar shago, duhu kawai muka gani, don siton yana can ciki bayan wata ƙofar. Muka dawo muka roƙi Yaya ya bari a janye duron a duba. Ya baje hannuwa a bakin kicin ya ce ba a taɓa motsa mota tana kan lodi, kuma duk wanda ya taɓa tirela ya taɓa shi. Anti ba mai hayaniya ba ce. Ta juya ta ba na'ana'arta ruwa, shi ma sai da ya ce wace mota ce ta kawo kofin.

Sai labari ya zo cewa Hajiya tana hanya. Yaya ya bi ɗaki-ɗaki yana gayyata, ya ce kowa ya zo ya ga tashin tirela ta farko, Hajiya ce babbar baƙuwa. Ya sayo zare ja da za ta yanka. Matsala ɗaya ce, tirela ba ta cika ba, kuma a duniya babu abin da ɗan kamasho ya tsana irin babban mutum ya zo ya tarar da mota wayam.

Da sassafe ya fara bin maƙwabta da bokiti yana roƙon ruwan wanke-wanke. Wata ta ba shi, wata ta rufe ƙofa. Ya juye, duro ya shanye. Daga nan ya ɗauko tiyo, ya haɗa da famfo, ya zura a duro, ya buɗe har ƙarshe.

Na ce, "Yaya! Ruwa mai kyau kake zubawa!"

"'Yan cika mota ne. A tasha ma mukan zaunar da namu a ciki don fasinja su ga ta kusa tashi."

"Su ai sauka suke yi daga baya."

Ban san gaskiya na faɗa ba. Famfo ya yi ta zuba, duro ya yi ta sha. Can sai famfunan gidan suka fara tari ɗaya bayan ɗaya. Wata maƙwabciya ta leƙo da kumfa a ka tana tambayar wa ya kashe ruwa. Mai aski ya hau sama da buta a hannu.

"Injiniya, tanki ya ƙafe!"

"Kun gani? Ina nan ina tattali, ku kuna can kuna ɓarna. Ku ji kunya mana!"

Da ƙyar da jiɓin goshi ruwan ya kawo kusa da baki, domin famfon ya ɗan fi hudar sauri. Daidai nan motar Hajiya ta tsaya. Ko mabuɗin shago ba ta ciro ba Yaya ya tare ta, ya karɓi jakarta, ya rako ta sama tana nishi tana dogara sanda. Aka ajiye mata kujera a tsakiyar kicin. Maƙwabta suka cika ƙofa, kowa ya toshe hanci.

Yaya ya hau kan bokitin da ya kife, da yatsa a naɗe da tsumma, ya buɗe murya irin ta tasha.

"Jama'a! Abin da kuke gani a gabanku, ko a manyan ƙasashe ba a kai ga yin sa ba. Tun tafiyar Hajiya, ɗigo ɗaya bai fita daga kicin ɗin nan ba. Ɗaya! Duk ruwan da ya shigo yana nan a tsare, ni ne shaida. Hajiya, bismillah, leƙa ki ga tirela."

Hajiya ta tashi ta leƙa. Ta daɗe tana leƙe.

"Ina ruwan?"

Yaya ya leƙa. Tanki ya ƙare, famfo ya tsaya, duro kuwa bai tsaya ba. Ruwan ya koma rabi, yana juyawa a hankali, yana wani ƙululu a can ƙasa.

"Ya... ya gyara zama ne, Hajiya."

Sai muka ji ihu daga titi. Mai aski ne, ya sauka duba shagonsa.

"Hajiya! Hajiya! Shagonki yana aman kumfa!"

Ban taɓa sanin mai ciwon gwiwa tana iya sauka bene da sauri haka ba. Muka bi ta duka. Ga kumfa fari fat yana fitowa ta ƙarƙashin ƙofar shago, ya haye dakali, ya sauka titi, ya kai gwiwar wani mai sayar da lemo. Masu babur suna tsayawa kallo. Wata akuya ta shiga ta ɓace, sai kukanta ake ji. Hajiya ta sa mabuɗi, ta buɗe ƙofar waje, ta kutsa ta buɗe ta sito. Abin da ya taru a bayan ƙofar ya fito gaba ɗaya.

Garin sabulu ya zama kumfa har rufi. Fulawa ta kwaɓu ta kumbura ta fasa buhunanta. Sukari kuwa babu shi, sai buhuna a kwance shafal, da wani ruwa mai danƙo da ya kwashe ƙafafun Yaya, ya zauna daɓas a tsakiyar jama'a. Ya yunƙura, ya sake zama. Daga sama, ta tsagar nan, ruwa yana sauka a kan hularsa, ɗis, ɗis, yana ƙamshin sabulun wankan Anti.

Mai aski ya ce, "Injiniya, ga fasinjojinka nan, ashe a ƙasa suke sauka."

Titi ya ɗauki dariya. Yaya ya share kumfa daga ido, ya ɗaga yatsan nan mai tsumma.

"Hajiya, kafin ki yi magana, ki duba alherin da ke ciki. Yaushe rabon da a wanke siton nan? Kuma kin ga ruwan bai ɓata ba. Ya wanke tumatir, ya wanke kwano, yanzu ga shi yana wanke titi. Aiki uku!"

Hajiya ba ta ɗaga murya ba, abin da ya fi ba ni tsoro ke nan.

"Ɗigo nawa na ce?"

"Ɗaya, Hajiya."

"Wannan nawa ne?"

Ya dubi titi, ya dubi akuyar da ta fito fara sol tana atishawa. "Ba a ƙirga ba tukuna."

"To ka je ka ƙirga a wani gidan." Ta juya wajen Anti, muryarta ta yi sanyi. "'Yar nan, ke ba ki yi mini komai ba. Amma ba zan iya kwana da wannan a saman kayana ba."

Anti ta juya. Ta hau sama, na bi ta. Na same ta a bakin taga, ta rungume gwangwanin na'ana'a, tana kallon titin da ta saba kallo tana yanka albasa, hawaye yana zuba. Dariyar da nake ƙunshewa tun ɗazu ta mutu a cikina. Wallahi ranar na ji haushin yayana har cikin ƙashi, na kuma ji kunyar matar nan kamar ni na huda duron.

Gidan da suka samu a can ƙarshen gari yake, a saman wani tudu, kuma ko famfo babu. Kicin ɗin lungu ne marar taga. Ruwa sai an gangara ƙasan tudu wurin famfon unguwa. Ranar da suka tare Anti ta ajiye jarka biyu a gaban Yaya ta ce, "Harkar lodi ce a hannunka." Tun daga ranar shi yake ɗebowa, kafin ya tafi tasha da bayan ya dawo.

Da na kai musu ziyara, a hanya na cim masa, jarka a kowane hannu, harshe a waje, rigar nan mai Injiniya a baya ta jiƙe sharkaf. Muka isa, ya dire su a ƙofar kicin, ya zube a ƙasa yana haki. Da numfashi ya dawo masa, sai ya dube ni.

"Kin gani ko? Yanzu ko kwatan ruwan da muke sha a can ba ma sha. Na ce zan kashe ɓarna a gidana, na kashe. Tsarin ya yi aiki, hanya ce kawai ya canza."

Anti ta fito daga lungunta, ta buɗe jarkar da ya kawo, ta cika kofi har baki. Ta wuce ta gabansa a hankali zuwa bakin ƙofa, inda gwangwanin madara yake zaune a kan bulo yana neman rana. Ta tsiyaye wa na'ana'a kofin duka. Ta dawo ta sake cikawa, ta ƙara mata, har ruwa ya fito ta gindin gwangwanin ya bi ƙasa.

Yaya ya bi ruwan da ido, ya dubi tudun da ya hawo. Ya buɗe baki.

Anti ta ce, "Akwai magana, Maigida?"

Ya rufe bakin.

"Babu. Cewa zan yi ko tana son ƙari."

"Tana so," in ji Anti, ta juye sauran jarkar a randa, ta miƙa masa wayam.